Shi Ido, Ni Ƙafa

Shekaranjiya da hantsi na karanta hasashen yanayi a rediyo. Hadari zai haɗu a arewacin jiha, ana sa ran yayyafi a garuruwan bakin iyaka. Na karanta shi yadda aka koya mini, ba ɗoki, ba jan murya. Da na fito harabar tashar sai na tarar da iskar ƙarshen bazara, mai nauyin nan da ke manne wa mutum riga a baya, ga kuma shamuwa biyu a kan doguwar eriya. Ganinsu ya mai da ni Jibiya, ya tuna mini azumin da ni da yayana Sada muka yi muna tuƙa mutum ɗaya a cikin kwamfuta.

A shekarar, boda a rufe take. Wanda bai zauna Jibiya ba zai ɗauka magana ce ta gwamnati da manyan 'yan kasuwa. A wurinmu magana ce ta tukunya. Direba da ɗan dako da mai canjin sefa da mai faci da mai shayi, har matar da ke tuyar ƙosai kusa da shingen kwastan, duk a bakin hanyar Maraɗi suke ci. Da aka gitta ƙarfe a hanyar, manyan motoci suka tsaya a layi har tayoyinsu suka sace, kaji suka riƙa yin ƙwai a ƙarƙashinsu. Ana cikin haka annoba ta zo, aka hana zirga-zirga tsakanin garuruwa. Ni na je gida hutun mako guda kafin azumi, hanya ta rufe a bayana, tasharmu kuma ta ce in zauna inda nake sai an neme ni.

Yaya Sada direba ne tun ina firamare. Da mahaifinmu ya rasu sai ya haɗa biyu, rani yana mota, damina yana gonar gidanmu da ke hanyar Riko. Bayan rufe boda, direbobi da yawa sun koma bin hanyoyin daji, shi ma ya bi. Wata rana motar ta kife da shi a wani kwazazzabo. Ya fita da ransa, amma likitoci sun yanke hannunsa na dama sama da gwiwar hannu.

Lokacin da na iso, raunin ya warke, sai dai mutumin bai fito ba. Wata huɗu ke nan bai taka ƙofar gida ba. Ba ciwo ne ya tsare shi ba. Da dama ake cin abinci, da ita ake karɓa, da ita ake miƙa wa babba hannu a ƙofar masallaci. Yaya ya kasa tunanin ranar da dattijo zai miƙo masa hannu shi kuma ya ba shi hagu. Ni da bakina na karanta sanarwar cewa a dakatar da musabaha saboda annoba, amma a Jibiya ban ga wanda ya fasa ba.

Ni kuma na zo da kuskurena a cikin kwali. Na sayo masa hannun roba a birni ba tare da na tambaye shi ba. Launinsa kamar na bature da ya sha rana, yatsunsa ba sa motsi, kuma yana da madaurai biyu masu ƙarfi da ake zagayo da su ta ƙirji a ɗaure da maɓalli. Ya sa shi sau ɗaya don kada in ji kunya. Ya dubi kansa, ya ce, "An gode, Mannir." Daga nan matarsa Hinde ta ɗora shi a kan durowa, yatsun suna leƙo ɗaki.

Azumi ya kama a tsakiyar bazara. Mukan yi sahur da tuwon jiya da aka ɗumama, ko fura idan an samu nono. Gero ya yi tsada, rumbun Inna, mahaifiyarmu, ya kusa kai ƙasa, saboda haka Hinde ta rage tukunya ba tare da ta sanar da kowa ba. Mu ma muka yi kamar ba mu lura ba. Da gari ya waye nakan tura baro zuwa famfo in cika randuna kafin rana ta taso. Hantsi bai gama ɗagawa ba kwanon rufi zai fara ƙas-ƙas. Kafin azahar awaki sun lafe jikin katanga baki buɗe, ƙadangaru ma sun daina gudu. Inna takan jiƙa zane ta yafa, ta zauna da carbinta a inuwar dalbejiya. Hinde takan yayyafa ruwa a daɓen zaure, minti kaɗan ya bushe, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya rage yana yaudarar hanci.

Tsakanin azahar da la'asar ne lokacin da ya fi wuya. Barci ba ya zuwa, karatu ba ya shiga. Nan na tuna da wani wasa da abokin aikina ya zuba mini a kwamfuta. Wuta ba a kawowa, amma muna da ƙaramin sola da batirin motar Yaya, wanda shi kaɗai aka ceto lafiya daga cikinta. Cajin safiya yakan ba ni awa ɗaya da 'yan mintuna. Kwamfutar takan yi zafi har ta mutu, sai na gano cewa idan na ɗora ta a kan faifan da ke rufe bakin randa, sanyin randar yana riƙe ta.

Wasan labarin wani birni ne na zamani mai zuwa, inda rana ba ta fitowa kuma ruwan sama ba ya ɗaukewa. Fitilu ja da shuɗi suna walƙiya a kan jiƙaƙƙen titi. Mutanen birnin suna sayen sassan jiki na ƙarfe kamar yadda ake sayen kayan gyaran mota, ido ko ƙafa ko huhu. Wata doguwar katanga ta raba birnin biyu, da shingaye da masu duba takardu. Mutumin da kake tuƙawa ɗan aike ne, yana tsallaka saƙo daga wannan ɓangare zuwa wancan. Duk aiken da ya isar sai a ba ka maki, da makin kake saya masa sabon sashen jiki.

Rana ta uku da na fara, na manta ban rage sauti ba. Ƙarar ruwan wasan ta cika zaure, irin ruwan nan mai dukan kwano. Sai ga Inna ta fito da gudu, zane a jiƙe, bokiti a hannu ɗaya, roba a ɗaya, tana kiran Hinde ta kwashe shanya. Ta tsaya tsakar gida ta ɗaga kai. Sama fari fat, ko gajimare babu.

"Inna, cikin akwatin Mannir ne ake ruwan," in ji Hinde, tana riƙe ciki.

"To Allah ya shirye ku, ku da akwatin," Inna ta ce. Ta dangwarar da bokitin.

Daga ɗakin Yaya muka ji dariya. Ba mai ƙarfi ba ce, amma kowa ya ji ta, kowa kuma ya yi kamar bai ji ba. Jim kaɗan sai na ji mutum tsaye a bayana.

Yaya ne, ya daɗe yana kallo. Masu gadin shinge suka kama ni sau biyu a gabansa. A na uku ya kasa haƙuri.

"Kai, wagga hanya ko yaron mota ba shi bin ta. Ba ka ga mai gadin can sai ya kai bakin fitila yake juyowa ba? Jira shi ba da baya."

"Yaya, kai da ba ka taɓa wasan ba."

"Shekara nawa ina wasan da duwan da jandarman Nijar a boda? Matsa."

Wasan hannu biyu yake so. Hagu tana kan madannai, ita ke tafiyar da ƙafafun mutumin. Dama tana kan linzamin kwamfuta, wanda kowa ke kira maus, shi ke juya kansa, ya duba, ya zaɓa. Na mai da maus ɗin gefen hagunsa, ni na riƙe madannai. Haka muka raba ɗan aiken biyu, shi ido, ni ƙafa.

Kwanakin farko abin dariya ne. Yana kallon gabas ina tafiya yamma. Mun faɗa rami, mun shiga wuta, mun yi karo da bango har Hinde ta ce ko makaho da ɗan jagora sun fi mu tsari. Hagunsa ba ta saba ba, kibiyar sai rawa take yi a fuskar kwamfutar. Amma kafin goma ta marmari ta ƙare mun daidaita. Zai ce, "Tahi. Tsaya. Duƙa. Hagu kaɗan. Yanzu!" ni kuma yatsuna su bi kafin ya rufe baki. Idan mutanen wasan suna magana da Turanci nakan fassara masa, sai ya ce, "Ka daina yi mani labaran duniya, hwaɗi mani mi yake so."

Bai yarda mu harbi kowa ba. Inna ta riga ta yi gargaɗi cewa ba za a yi azumi ana kashe mutane a zaurenta ba, ko da na akwati ne. Amma ko ba don ita ba, Yaya ba mai son faɗa ba ne. Shi dai a lallaɓa ta bayan gini, a bi ta kan rufi, a fita ba wanda ya sani. Inna da kanta ta koma kawo tabarmarta bakin zaure a wannan lokaci. Ba ta kallo. Ta ce ƙarar ruwan tana rage mata ƙishi.

Akwai shafin da ake kashe maki. Hoton mutum ne tsaye ya ware hannuwa, kowane sashe da farashinsa. Yaya ya saya masa ido mai gani ta cikin bango. Ya saya masa ƙafafun da ba sa ƙara, da huhun da hayaƙi ba ya kamawa, da kunne mai jin raɗa daga nesa. Hannu ne kawai bai taɓa ba. Kibiyarsa takan zagaye wurin kamar yadda ake zagaye rijiya. Na lura.

Ranar sha tara ga azumi, Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya zo bayan la'asar. Ya zauna a zaure, Yaya kuma ya shige ɗaki tun da ya ji sallamarsa. Baffa ya yi magana da ni, amma da murya ta wanda ya san ana jin sa ta bayan labule.

"Shamuwa ta iso. Kowa ya yi sharar gona ban da ku. Ni ba zan zuba ido gonar yayana ta kwana ba shuka ba. In ruwan shuka ya sauka ban ga ɗan gidan nan a cikinta ba, zan ba surukina aro shi noma."

Na ce za mu ɗauki 'yan ƙwadago.

"Waɗanne? Mutanen Nijar da ke zuwa duk shekara boda ta tsare su. Na gida kowa tasa yake ji. Kuma ko ka samu, wa zai nuna masu iyaka? Kai ka san inda gonarku ta tsaya? Ka san inda ake sa gero da inda ake sa dawa?"

Ban sani ba. Rabona da gonar tun ina sakandare.

Baffa ba mugu ba ne, gaskiya ya faɗa. Amma duk mun san gonar da aka ba da aro a shekarar wahala ba ta cika dawowa da wuri ba, kuma wanda ya noma shi ke da hatsin. Idan ta tafi, rumbun Inna zai wayi gari wayam. Da Baffa ya fita, Inna ta zo bakin zaure. Yaya ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye sai dole. Ta ce da ni, "Ka hwaɗa wa mai ɗakin can, iri na nan cikin tulu tun kaka. Ban ci ba, ban sayar ba."

Washegari muka kai wani wuri a wasan da ya tsaya mana. Saƙon yana bayan katanga, hanyar da muka samu kuma wani ƙaton akwatin ƙarfe ya toshe ta. Wasan ya rubuta ƙarara cewa mai hannun ƙarfe zai iya ture shi. Maki kuwa muna da su jibge. Yaya ya ce mu zagaya. Muka zagaya ranar, caji ya ƙare. Muka zagaya washegari, caji ya ƙare. Goma ta wuya ta riga ta cinye mini haƙuri, leɓena ya tsage, maganar Baffa tana cina. A rana ta uku muka sake dawowa gaban akwatin.

"Yaya, mu sayi hannun nan mu wuce."

"A'a."

"Wasa ne fa."

"Na ce a'a. Juya."

Ban juya ba. Shafin maki ana iya buɗe shi da madannai. Na buɗe, na danna sau biyu. A fuskar kwamfutar hannun ɗan aiken ya koma baƙin ƙarfe mai sheƙi, ya dunƙule yatsu, ya buɗe. Ya ture akwatin kamar kwali.

Yaya ya ɗauke hannunsa daga kan maus a hankali. Ya ce, "Kai dai ba ka tambaya." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Kwana huɗu bai fito zaure ba. Na gwada ci gaba ni kaɗai da hannuwana biyu, masu gadi suka yi ta kama ni kamar kaza. Inna ta daina kawo tabarma. Hinde ta ajiye mini kunun tsamiya da magariba ta ce, "Mijina na rediyo, kai da aikinka magana, yau ina bakin?" Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi zagi zafi.

A rana ta biyar na ɗauki kwamfutar na yi sallama a ƙofarsa. Yana zaune bakin gado, hannun robar yana leƙo mu daga kan durowa. Na ce, "Yaya, na yi laifi. Sau biyu ma." Na nuna masa cewa wasan yana ajiye duk inda aka tsaya, ana iya komawa ranar da ba a sayi hannun ba.

Ya dubi jerin ranakun ya daɗe. "Wato nan ana komawa jiya."

"Ana komawa."

"To mai da mu."

Muka koma gaban akwatin, ɗan aiken da hannunsa na nama. Wannan karon Yaya bai ce in tafi ba. Ya sunkuyar da kan mutumin yana kallon titi.

"Mannir, ruwan ga da ake yi dare da rana, ina yake tahiya? Gari ba shi cika, ai da inda yake bi."

Muka bi ruwan. Ya gangara ta gefen titi, ya shiga wani lungu, ya faɗa wata magudana da muka wuce sau goma ba mu gani ba. Na duƙar da mutumin, muka shiga, muka ɓullo bayan katanga. Yaya ya bugi cinyarsa da hagu. "Ka gani? Hanya ba ta ƙarewa, sai dai direba shi ƙare."

Sallah ta zo, bai je idi ba. Na tafi ni kaɗai, mutane suna ta tambayata jikinsa. Bayan Sallah zafi ya ƙaru. Hadari yakan haɗu ta gabas ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Na je gonar sau biyu da adda na sare sabara inda na ga dama, ban san ko tamu nake sharewa ko ta maƙwabta ba. Idan na dawo yakan tambaye ni, kamar ba da gangan ba, ko aduwar nan ta kusurwa tana nan, ko gamba ta tsiro a gefen kwari.

Ruwan ya zo ranar wata Talata, bayan azahar, muna tsakiyar wasa. Da farko ban bambanta shi da na kwamfutar ba. Sai ƙamshin ya shigo. Inna tana zaune ba ta motsa ba, ta ce ba za a yi mata sau biyu ba, sai da ɗigo ya faɗo mata a goshi. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har bayan la'asar. Da ya ɗauke, Yaya ya fita tsakar gida ba takalmi, ya tsuguna gindin dalbejiya ya tona ƙasa da yatsun hagu. Danshi ya wuce tsawon tafin hannunsa. Ya miƙe. Kowa a gidan ya san ruwan shuka ne.

Shuka aikin mutum biyu ne. Na gaba yana riƙe da sungumi, doguwar fartanyar da ake sara rami da ita a tsaye, hannu biyu. Na baya yana riƙe ƙoƙon iri a hagu, ya ɗiba da dama ya zuba, ya rufe da diddige. A wurinmu magidanci ne ke gaba. Bin baya aikin mata ne da yara. Yaya ba zai iya sara ba, kuma ko bin bayan ma hannu biyu yake so.

Da muka sallame asuba na tarar da ƙoƙon iri a ƙofar ɗakinsa. Inna ce ta ajiye ta koma. Yana tsaye yana kallonsa.

"Hinde, sauko mani da hannun Mannir. Kawo da wuƙa."

Ta sauko da shi. Ya sa ni na riƙe, ya yanke madauran biyu daga jikin robar. Hinde ta huda bakin ƙoƙon gefe da gefe, ta zura su. Ya rataya ɗaya a wuya, ya zagayo da ɗayan ta ƙirji, na ɗaure masa maɓallin. Ƙoƙon ya zauna daidai cikinsa, ba ya lilo. Ya sa hagu ya ɗebi gero, ya saki.

"Ashe dai ka yi sayayya," ya ce. "Ɗauko sungumi."

Mun fita ta tsakiyar gari, lokacin da mutane ke fita gona. Hannun rigarsa na dama Hinde ta naɗe ta maƙale da allura. Bai sunkuyar da kai ba, bai kuma tsaya gaisuwa ba, sai ɗaga hagu daga nesa.

Jigawar gonar ta sha ruwa ta yi laushi, sawu yana nutsewa. Ya nuna mini iyaka, daga aduwa zuwa tushen gamba, daga nan zuwa wani dutse da mahaifinmu ya binne. Ashe rabin sharar da na yi a gonar maƙwabci na yi ta. Na ɗaga sungumi na fara. Ban yi taku ashirin ba na ji muryar da na saba da ita a zaure.

"Hagu kaɗan. Hagu na ce! Tsaya. Ka rage zurhi, ba kabari kake gina ba. Tahi."

Maƙwabcin gonar wani tsoho ne, Baba Nomau, mutumin wajen ƙauyen Kusa, wanda 'ya'yansa ke zuwa coci amma shi har yanzu da aradu yake rantsuwa. Ya dogara da sungumi yana kallonmu.

"Sada! Yau kai ne amarya, kana bin baya? Wa ya ba ɗan rediyo sara? Layin nan nasa ai macijiya ce."

"Baba, shi ya share maka gona kyauta, ka yi mashi godiya."

Tsohon ya tako har inda muke yana dariya, ya miƙo hannun dama. Na ga Yaya ya tsaya. Hagunsa cike da gero. Ya mai da geron cikin ƙoƙo, ya goge tafin a riga, ya miƙa. Baba Nomau ya kama da hannu biyu ya girgiza.

"Da hagu nake zubawa, Baba," in ji Yaya, murya ƙasa. "Ban sani ba ko ta yi albarka."

"Aradu, shekara nawa ina noma, ƙasa ba ta taɓa tambayata da wane hannu na ba ta ba. Ku yi sauri dai, danshi ba shi jira."

Rana ta ɗaga sosai lokacin da Baffa ya iso a kan babur, surukinsa a baya da buhun iri. Ya kashe babur ya tsaya bakin iyaka. Ya dubi layukan, ya dubi ƙoƙon da ke ƙirjin Yaya. Ya tako ya tona rami ɗaya da yatsa ya ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. Sai ya juyo gare ni.

"Kai Mannir, saranka ya yi nisa da juna. Matso da shi." Ya koma ya ce da surukin nasa, "Mu tahi, masu ita sun zo."

Kwana uku muka yi muna shuka. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, Hinde ta ɗaure mini da tsumma tana cewa hannun riƙe takarda ne. Mukan fita da sassafe mu dawo kafin la'asar, don ko a lokacin ba a son yamma ta riski mutum a daji. Kaka ta zo, geron jigawa ya yi kyau, dawar kwari ruwa ya kwanta mata ba mu samu abin kirki ba. Rumbun bai cika ba, amma ya kai mu wata damina. Hannun robar ma ya yi aiki. Hinde ta sa aka kafa shi a kan sanda tsakiyar gero da tsohuwar riga, tsuntsaye suka ji tsoronsa na kusan mako biyu.

Wasan kuwa ba mu ga ƙarshensa ba. Damina ba ta bar mana tsakar rana ba, daga baya hanya ta buɗe na koma aiki, kwamfutar kuma ta mutu a shekarar da ta biyo. Ɗan aiken yana can inda muka bar shi, bayan katanga, cikin ruwa, da makinsa jibge da hannunsa na nama.

Yanzu azumi ya matsa baya ya bar tsakiyar bazara. An buɗe boda, an sake rufewa, an sake buɗewa. Wata shekarar ana isa gonar lafiya, wata shekarar sai an saurari labarin daji kafin a fita. Inna ta tsufa, ba ta gudu da bokiti. Yaya yana sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha, yana miƙa hagu ga duk wanda ya miƙo masa hannu. Ƙoƙon ya fashe an sauya wani, madauran dai su ne.

Jiya da yamma, bayan na tashi daga aiki, wayata ta yi ƙara.

"Na ji ka a rediyo kana cewa yayyahi," in ji shi. "Wane irin yayyahi? An yi ruwa tun azahar, na tona, ya wuce tahin hannu."

Na ce ina da labaran safe gobe.

"Ka ba wani shi karanta. Ni ga ni da ido. Ka taho da ƙahwahun."

Na nemi wanda zai karɓe ni. Sungumin yana bayan ƙofar zaure, inda na jingine shi bara.